Idanun Badaru a Gangaren Assekrem

Badaru ɗan Agadas ne, amma mutanen Tamanrasset sun fi mutanen garinsu saninsa. Ya zo yana saurayi, a shekarun da fari ya share garken mahaifinsa, ya fara da wanke ƙarafa a wani garaji na bayan kasuwa. Daga nan ya zama yaron mota, daga baya ya riƙe sitiyari da kansa. Dogo ne siriri, marar yawan magana, kuma in yana tuƙi ba ya son kaset, ba ya son hira.

Shekarun da ƙasar da Tamanrasset take ta rikice, Turawa suka ɗauke ƙafa daga duwatsun Hoggar, da jigilar kaya ya riƙe kansa. Yakan kai gari da sukari Silet, ya dawo da tumatir da dabino, wani sa'in da awaki. A lokacin ne ya auri Zainaba, 'yar Damagaram, suka kama ɗakuna a unguwar Tahaggart. Da al'amura suka ɗan lafa wajen shekarar dubu biyu, baƙi suka fara dawowa kaɗan-kaɗan, sai wani Balarabe mai ajans, wato kamfanin yawon buɗe ido, ya ba shi kat-kat, motar nan mai ja da ƙafa huɗu, ya ce ya riƙa kai baƙi Assekrem, wani dogon dutse a cikin Hoggar. Aiki ne da direbobi da yawa ke nema. Badaru ya same shi don ya san hanyar, kuma yana jin Faransanci daidai gwargwado, ga Larabci, ga Tamahak, harshen Buzayen wurin.

Abin da ya fi damunsa a duniya fatarsa ce. Tun yana yaro ba ta ɗaukar abu. Sabulu mai ƙamshi ya taɓa shi, sai ƙuraje. Turare ya sauka a wuyansa, sai ya wuni yana susa. Rawani mai shuni, irin wanda samarin Agadas ke ji da shi, sau ɗaya ya naɗa goshinsa ya tashi kamar an watsa masa ruwan zafi, tun daga ranar sai farin rawani yake naɗawa. To, rawani yana rufe kai da hanci da baki, amma kewayen ido a buɗe yake, kuma nan ne rana da iska da sanyin dutse suka samu wurin ci. Fatar ƙarƙashin idonsa ta bushe, ta yi ja, tana saɓa, gefen idon yana tsagewa har ya ɗan tsatso jini.

Zainaba takan shafa masa man kaɗe in yana gida, yana kuwa jin sauƙi. Amma a hanya man yakan narke ya gangara cikin ido, yashi ya manne a kai, fuska ta yi ta ƙyalli. Wata rana a gidan mai wani direba ya leƙo ta taga ya tambaye shi ko daga ɗakin amarya ya fito. Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma daga ranar bai sake yarda an shafa masa komai ba in zai fita.

Cikin sanyin wata shekara mai ajans ɗin, wanda duk suke kira patron, ya kira shi zuwa buro, wato ofishinsa. Ya ce wata baƙuwa daga cikin waɗanda ya kai a tafiyar baya ta tambaya ko direban yana da ciwon ido mai yaɗuwa, har ta ƙi karɓar kofin shayi daga hannunsa. Patron ya ce bai ce laifin Badaru ba ne, amma baƙo da idon direba yake fara gaisawa, tunda shi kaɗai yake gani a fuskar. Gobe da safe akwai baƙi. In aka dawo aka sake kawo masa irin wannan magana, akwai masu jiran makullin.

Badaru ya fito. Bai nufi gida ba, kasuwa ya nufa.

Luba yayar Zainaba ce, ita ta riga su zuwa garin. Tana da ɗan shago na mayuka da sabulai da kwalli da lalle, wasu daga Aljer, wasu daga Kano ta hanyar Agadas, wasu kuma daga jakunkunan masu dawowa daga Faransa. Badaru bai taɓa tsayawa a ƙofar shagon ba sai don gaisuwa. Ranar ya yi ta kewaye har matan da ke ciki suka watse, sannan ya yi sallama ya shige can ƙurya, inda mai wucewa ba zai hango shi ba.

Da ta ji abin da ke tafe da shi, ta sa ya sauke amawali, ta juya fuskarsa wajen haske ta duba. Ta ce gaskiya wannan na lokotoro ne, sai likita ya gani. Ya ce ba shi da lokacin bin layin asibiti, gobe da sassafe zai tashi. Sai ta miƙa hannu bayan kanta ta sauko da abu biyu.

Ɗaya ɗan farin batta ne, kirem mai kauri, ba ƙamshi, ba launi. Ta ce an yi shi ne don fatar ido mai saurin ɓaci, yana zama a kan fata ya tare iska. Ɗayan 'yar kwalba ce mai bakin ɗigo, ruwa-ruwa, ana ce masa serom. Ta ce shi fata tana shanye shi nan take, matan ma'aikata ne ke saye don goge baƙin ƙarƙashin ido, yana da ƙarfi, kuma akwai ɗan ƙamshi a ciki.

Badaru ya lakaci kirem ɗin ya shafa a bayan hannunsa. Ya bar ƙyalli. Ya ɗiga serom ɗin a ɗaya hannun, kafin ya ɗaga kai ya ɓace kamar ba a sa komai ba.

"Wannan nake so, Yaya Luba," in ji shi.

"Wannan ba naka ba ne. Fatarka a tsage take. Abin da take so a rufe ta, ba a shige ta ba."

Ya ce ba zai zauna gaban Turawa da sauran direbobi fuska na ƙyalli ba. Ta ce ƙyalli bai taɓa kwantar da kowa ba. Ya ce in ba za ta ba shi ba, shaguna da yawa a kasuwar. Luba ta san shi, ta san zai je, kuma can ba mai gaya masa komai. Sai ta ce to, amma da sharaɗi: ya ɗiga ɗigo ɗaya a bayan kunne, ya jira har wani yini ya zagayo. In wurin ya yi ja ko ya yi ƙaiƙayi, kada kwalbar ta matso kusa da idonsa. Ya ce to. Ta tura masa farin battan ma, ta ce ya tafi da shi ko ba zai shafa ba. Da ya fita ta tarar ya bar shi a kan kanta.

Bai ɗiga a bayan kunne ba. A ransa ya ce in ya jira yini, tafiyar ta yi rabi ke nan, baƙin sun riga sun ga abin da za su gani. Da safe, kafin ya je otel ɗaukarsu, ya karkato madubin mota ya shafa a kewayen idon biyu. Ya ji ɗan raɗaɗi, ya ɗauka alamar magani na aiki ce.

Baƙin su uku ne, 'yan Faransa: wani tsoho mai farin gemu, da matarsa, da ɗiyarsu, mace mai kimanin shekara arba'in. Tsohon ya taɓa zuwa Assekrem yana saurayi, yana son ya sake ganin fitowar rana daga can kafin ƙafafunsa su ƙi. Na biyar a motar shi ne Tahiru, kukun ajans ɗin, mutumin Maradi, dattijo mai fara'a wanda ya daɗe yana bin Badaru wannan hanya. Bai iya tuƙi ba, bai kuma taɓa sha'awar koyo ba.

Hawan ya tafi lafiya. Da suka tsaya cin abincin rana a gindin wani dutse, Badaru ya duba madubi ya ga saɓar ta kwanta, fatar ta yi sumul. Ya ji daɗi, ya ƙara. Da yamma suka isa masaukin da ke ƙarƙashin ƙololuwar, suka yi kiciɓis da motar wasu baƙi tana shirin gangarawa, aka ɗaga wa juna hannu. Bayan tafiyarta ba wata mota a wurin sai tasu. Kafin magariba ya sake shafawa, wannan karon da yawa, har kan fatar ido ta sama.

Da asuba ya farka ya nemi buɗe ido, ido ya ƙi. Ya kai hannu ya ji fatar ta kumbura, ta yi tauri, da zafi kamar an ɗora garwashi. Na hagu ya rufe ruf. Na dama ya ɗan tsage, yana ganin haske ta 'yar kafa. Ya lallaɓa ya yi alwala, ruwan sanyi ya ɗan kwantar da zafin, amma kumburin bai motsa ba. Ya yi salla, ya laluba cikin mota ya ɗauko baƙin tabarau ya sa, ya ja amawali har ƙarƙashinsa.

Ya lallashi kansa da cewa akwai lokaci. Tsarin tafiyar shi ne baƙi su hau ƙololuwa da ƙafa su ga fitowar rana, su ziyarci ɗan ɗakin ibadar da ke can, su sauko su huta, sai bayan azahar a tashi. Kafin nan ƙila kumburin ya sace. Da Tahiru ya kawo masa shayi ya tambaye shi me ya haɗa shi da tabarau rana ba ta fito ba, ya ce kansa ke ciwo.

Rana ba ta gama ɗagowa ba ya ji ana kiran sunansa daga kan hanyar ƙafa. Ɗiyar ce, tana gangarowa da gudu. Tsohon ya kai sama da ƙyar, ya zauna, ya kasa tashi. Tahiru da mai tsaron masaukin suka hau suka sauko da shi a tsakaninsu. Numfashinsa guntu-guntu, leɓɓansa sun yi toka-toka, ya dafe ƙirji. Ɗiyar ta ce yana da ciwon zuciya, ya sha ƙwayarsa amma ba ta yi ba, dole a kai shi asibiti yanzu.

Badaru ya tsaya riƙe da ƙofar mota. Ya so ya faɗa a lokacin, maganar ta zo har bakinsa. Amma ya tuna buro da makulli, ya tuna dokar patron cewa baƙo ba ya taɓa sitiyari ko da me. Ya kuma gaya wa kansa cewa ya bi hanyar nan har ba ya iya ƙirgawa, ido ɗaya ya isa. Ya ce su shiga.

Aka kwantar da tsohon a kujerar baya, kansa bisa cinyar matarsa, ɗiyar ta takure a gefensu. Tahiru ya watsa tukwane a bayan mota ya zauna gaba.

Wanda bai san gangaren Assekrem ba zai ɗauka sauka ta fi hawa sauƙi. Hanya ce ta tsakuwa da fasassun duwatsu, tana lanƙwasa tana komawa, dutse a gefe ɗaya, rami a ɗaya gefen. Badaru ya sa ƙaramar giya ya fara bi a hankali, kansa a karkace don ya daidaita 'yar kafar idon da hanya. Kwanar farko ta wuce, ta biyu ma. Sai hanya ta juya ta fuskanci rana. Hasken ya soki idon, hawaye ya cika shi, komai ya zama fari. Ya ƙifta, fatar ta ƙi ɗagowa. Ya saki hannu ɗaya ya cusa yatsa ƙarƙashin tabarau ya ɗaga ta da ƙarfi, ya ga hanya, ya saki, ta sake rufewa.

Tahiru yana kallonsa ta gefen ido. Da Hausa, ƙasa-ƙasa, ya ce masa ya matsa dama. Badaru ya matsa. Can kuma ya ce dutse, Badaru ya kauce a makare, ƙasan motar ya bugu har tsohuwar ta yi ƙara. Tahiru ya tambaye shi lafiya. Ya ce lafiya.

A kwana ta gaba bai ga lanƙwasar ba sam. Abin da ya ji shi ne Tahiru ya damƙe hannunsa ya finciko sitiyarin yana salati. Badaru ya taka birki. Motar ta ja tsakuwa, ta karkace, ta tsaya. A cikin shirun suka ji duwatsu suna gangarawa ƙasa, suna ta gangarawa. Ƙafar gaba ta hagu tana bakin ramin.

Tahiru ya miƙa hannu ya zare tabarau ɗin daga fuskarsa. Ya daɗe yana kallo.

"Badaru, ba ka gani."

"Ina gani kaɗan."

"Ba ka gani. Ka gaya wa ɗiyar tsohon, ko ni in gaya mata da hannu."

Badaru ya ja birkin hannu, ya juyo da fuskarsa baya yadda take. Ɗiyar ta ja numfashi. Ya gaya mata da Faransancinsa cewa ya shafa wani abu a ido jiya, ya kumbura, tun asuba ya sani. Ta fara magana da sauri, da ƙarfi, bai kama rabin abin da take cewa ba, amma ya gane tana tambayarsa yadda aka yi ya ɗauko mahaifinta a haka. Tsohon ya yi wani nishi a baya, sai ta yi shiru.

Badaru ya tambaye ta ko ta iya mota. Ta ce ta iya, amma 'yar ƙaramar mota, a kan kwalta, ba ta taɓa riƙe irin wannan ba. Ya ce ba wani sai ita.

Kafin su sauya wuri sai da ya janye motar daga bakin ramin da kansa, don bai yarda ta fara da giyar baya a nan ba. Tahiru ya sauka ya sa dutse a gaban ƙafa, ya tsaya a bakin taga yana ce masa kaɗan, kaɗan, tsaya. Sannan Badaru ya zagaya yana dafa jikin motar ya zauna a kujerar Tahiru. Tahiru ya jiƙa ƙyallen shayi da ruwan gora ya ɗora masa a ido, shi kuma ya matsu a baya, ya zuro kai tsakanin kujerun.

Haka suka sauko. Tahiru yana faɗin abin da yake gani da Hausa, kwana hagu, rami, dutse a tsakiya. Badaru yana juya mata shi da Faransanci, yana ƙarawa da abin da yake ji a jikin motar. Hannunsa na hagu yana kan birkin hannu bai ɗaga ba. Ɗiyar ta riƙe sitiyari kamar za ta karya shi, yana jin numfashinta. Sau biyu injin ya mutu mata a tsakiyar kwana, ya ce kada ta damu, ta taka birki, ta sake tayarwa.

Abin da ya fi tsoro shi ne birkin. Tana jin tsoron gangaren, don haka ƙafarta ba ta sauka daga kansa. Ya ce ta bar giya ta riƙe motar, ta ce to, amma ƙafar ta koma. Ba a daɗe ba ya ji warin ƙuna yana shigowa ta taga. Ya ce ta tsaya a wuri mai faɗi na farko da Tahiru zai nuna. Ta ce ba za ta tsaya ba, mahaifinta yana mutuwa a baya.

"Madam, in birki ya ƙone, ba wanda zai kai asibiti," in ji Badaru. "Ki tsaya."

Ta tsaya. Wannan jira shi ne ya fi komai tsawo a tafiyar. Tsohuwar tana shafa goshin mijinta tana raɗa masa wani abu. Numfashin tsohon yana fita da ƙara, sai ya ɗauke, sai ya dawo. Ɗiyar ta tambaya ko ya isa, ya ce saura kaɗan. Ta sake tambaya. Ya tura Tahiru ya kai hannu kusa da ƙafar motar, Tahiru ya dawo ya ce zafin ya ragu. Sannan ya ce su tafi.

Daga nan ta fara jin motar. Ta bar giya ta yi aikinta, ta daina fizgar sitiyari. Da suka bar duwatsun suka faɗa cikin ƙorama mai yashi, ta so ta rage gudu, ya ce a'a, nan kuma kada ta ɗaga ƙafa ko motar ta yi rawa, in ta tsaya sun kafe. Motar ta yi ta lilo hagu da dama, yashi yana dukan ƙasanta, ta fita. Tahiru ya ce alhamdu lillahi a bayan kunnensa. Da ƙasa ta yi ƙasa, iska ta yi ɗumi, tsohuwar ta ce launin mijinta ya fara dawowa. Badaru bai ga komai daga cikin wannan ba. Idon daman ma ya rufe tun a tsakiyar gangaren.

Rana ta take tsaka suka shiga gari. Tahiru ya nuna hanya har ƙofar asibiti. Aka ɗauki tsohon aka shige da shi, matan suka bi baya. Ba wadda ta waiwayo. Badaru ya zauna a motar da ƙyallen a fuska, har Tahiru ya dawo ya kama hannunsa ya ce shi ma sai an duba shi.

Lokotoron da ya gan shi ya karɓi kwalbar ya karanta bayanta, ya tambaye shi sau nawa ya shafa, ya girgiza kai. Ya ce idon kansa bai taɓu ba, fatar ce ta ƙi abin, kuma da yake a tsage take ya shige ta sosai. Aka wanke, aka yi masa allura, aka ba shi ƙwayoyi, aka ce kada komai ya taɓa wurin sai ruwa har ya warke. Tahiru ne ya kai shi gida a taksi. Zainaba ta buɗe ƙofa ta ga fuskar mijinta ta zauna a ƙasa.

Luba ta zo da la'asar. Ta shigo da faɗa a bakinta, amma da ta gan shi kwance sai faɗan ya tsaya. Ta tambaye shi ko ya ɗiga a bayan kunne. Ya ce bai ɗiga ba. Ta zauna bakin tabarma ta ce ita ma da laifinta, da ta bar shi ya je wani shagon ya fi mata. Can ta tambaya, muryarta a ƙasa, ko ya faɗi inda ya saya, don ta san in magana ta kai ga hukuma, shagon baƙuwa ba ya jure bincike. Ya ce ba wanda ya ji sunanta, ba kuma wanda zai ji. Shi ya zaɓa da hannunsa.

Tsohon ya tashi daga ciwon. Bayan 'yan kwanaki aka sa shi a jirgi zuwa Aljer, daga can gida. Kafin su tafi ɗiyar ta je buro ta ba patron labari. An ce ba ta rage komai ba: ta faɗi cewa direban ya ɓoye, ya kusa jefa su rami, ta kuma faɗi cewa ba don shi a gefenta ba da ba ta sauko da motar ba. Patron ya kira Tahiru ya tambaye shi abu ɗaya, ko Badaru ya san halin da idonsa ke ciki kafin ya tayar da mota. Tahiru ya ce ya sani.

Da kumburin ya sace, Badaru ya je buro da kansa. Patron bai ɗaga murya ba. Ya ce da ya faɗa tun a sama, ya ba ɗiyar sitiyari tun daga ƙofar masauki, da shi da kansa zai kare shi a gaban kowa, dokar sitiyari ba ta kai ran mutum ba. Amma wanda ya tayar da mota ba ya gani, ba zai sake ba shi baƙo ba. Badaru ya ajiye makullin a kan tebur ya fito.

Ya koma jigilar Silet, a wata tsohuwar motar kaya ta wani ɗan kasuwa mutumin Tawa. Wani lokacin yakan kai siminti In Ekker. Samun bai kai na da ba, Zainaba ta fara soya ƙosai a ƙofar gida. Da fatar ta warke sarai, Luba ta zo da farin battan, ta lakata da kanta ta shafa masa a bayan kunne, ta ce za ta dawo ta gani da idonta. Ta dawo ta duba, ba ja, ba ƙaiƙayi. Tun daga nan yake shafa shi siriri da safe da yamma. Yana ɗan ƙyalli, direbobi sun yi tsokanarsu har sun gaji, tsagewar kuwa ba ta sake dawowa kamar da ba.

Da Tahiru ne abin ya daɗe. Badaru ya ji abin da Tahiru ya faɗa a buro, kuma ko da yake ya san gaskiya ce, ya kasa haɗiye ta. In sun haɗu a masallacin Juma'a sai gaisuwa a tsaye, kowa ya kama gabansa. Tahiru bai bi shi da ban haƙuri ba, bai kuma janye maganarsa ba. Aka shekara a haka, har lokacin da baƙi suka sake ɗauke ƙafa daga yankin, ajans ɗin ya rage ma'aikata, Tahiru ya koma sayar da shayi da burodi a bakin tasha.

Wata safiya gab da Babbar Salla, Badaru yana ɗaure kaya a kan mota, sai ga Tahiru da igiya a hannu. Ya yi sallama, ya ce yana son zuwa Silet neman ɗan akuyan layya, an ce can sun fi sauƙi, ko akwai wuri. Badaru ya gama ƙulla igiyar da ke hannunsa, ya sauko, ya kwashe buhun da ke kujerar gaba ya jefa baya. Tahiru ya hau. Sun yi nisa da gari kafin ɗayansu ya yi magana, kuma maganar farashin awaki ce.